Nas Biyu a Ranar Rikicin Madatsa

Watanmu huɗu da kama aiki, ni da Shamsiyya, aka yi rikicin madatsa. Tare muka gama makarantar koyon jinya, tare kuma aka turo mu asibitin Tudun Bunu, wani ƙauye a bakin fadama, tafiyar minti arba'in daga Haɗeja idan hanya ta bushe. A takarda asibitin yana da nas tara. Da muka zo mutum ɗaya muka tarar, Sista Aisa, wadda ta shekara ashirin da biyu a wurin. Wasu sun yi ritaya, wasu sun nemi canji zuwa birni, biyu sun samu aiki a ƙasar waje. Likita kuwa Litinin da Alhamis kawai yake leƙo mu.

Mu uku muke karɓar haihuwa, mu yi allura, mu ɗaura ƙarin ruwa, mu wanke ciwo, mu rubuta kati. Tun a wata na biyu na fara maganar tafiya. Kawuna yana da kantin magani a cikin Haɗeja, ya ce duk ranar da na gaji ƙofa a buɗe take. Shamsiyya ce take hana ni. Ita tana son aikin, irin son da har haushi yake ba ni. Sai ta yi awa goma sha shida a tsaye, ta fito tana ba ni labarin jaririn da ya yi mata fitsari a hijabi tana dariya.

"Mardiyya, ki bari mu cika shekara," haka take cewa. "In kika tafi yanzu me kika iya?"

Ranar Laraba ce, cikin rani, shinkafa ta fara ɗaukar ciki. Da hantsi Sista Aisa ta shiga motar asibiti da wata mata da haihuwa ta zo mata a gicciye, za ta kai ta Haɗeja a yi mata tiyata. Motar ke nan mana guda ɗaya.

"Ku riƙe wurin, kafin la'asar na dawo," ta ce. "In abu ya fi ƙarfinku ku kira ni."

Aka bar ni da Shamsiyya da Iya Mairam, dattijuwar da take share mana ɗakuna.

Kowa a garin ya san ana zaman doya da manja kan ruwa. Ciyawar kacalla ta toshe bakin reshen kogin da ke shayar da yankin, ruwa ya ja baya. Manoman Tudun Bunu suka jera buhunan yashi suka datse ɗan abin da ya rage don shinkafarsu. Mutanen Gangare, da suke ƙasa da su, masunta da manoma, suka wayi gari tafkunansu na ƙafewa, kifi na mutuwa a taɓo. An yi zama uku a gidan dagaci ba a daidaita ba. Safiyar nan sai mutanen Gangare suka zo fasa madatsar da kansu.

Na farko a kan babur aka kawo shi, an sare shi a ka, fatar goshinsa ta rufto ta rufe masa ido ɗaya. Ban gama zaunar da shi ba sai ga amalanken shanu da mutum huɗu a kwance, jini na ɗiga ta tsakanin katakai. Sai adaidaita sahu, sai wani babur ɗin. Kafin rabin awa muna da mutum goma sha ɗaya, gadonmu kuwa shida ne a ɗakin maza. Muka shimfiɗa sauran a ƙasa. Abin da ban lura da shi ba sai daga baya shi ne, an haɗa mana mutanen ɓangarorin biyu a ɗaki ɗaya, kuma waɗanda suka kawo su ba su ajiye makamansu a waje ba.

Na kira Sista Aisa a waya.

"Su nawa ne?"

"Sha ɗaya, Sista. Ana ta kawowa."

"Ki saurare ni. Wanda yake ihu ki ƙyale shi, yana da numfashi. Ki nemi wanda jini ke tsartuwa daga jikinsa, da wanda ya yi shiru. Zan sanar da 'yan sanda, ga ni nan tafe."

Biyu ne suka fi tsanani. Ɗaya Ja'afaru, manomi ɗan Tudun Bunu, an soke shi da mashin kamun kifi a ciki, hanjinsa ya leƙo ta gefen cibiya. Wansa Ɗahiru ne ya sungumo shi a kafaɗa, wani dogon mutum mai faɗin ƙirji, rigarsa ta rine da jinin ƙanin nasa, adda na hannunsa. Ɗayan kuma Abdulmannan, masunci daga Gangare. An sare shi a cinya, duk bugun zuciyarsa sai jini ya yi tsalle ya daki bango.

Shamsiyya ta taɓa wuyan Ja'afaru, ta ɗaga fatar idonsa, ta kalle ni. Mun gane juna. Jinin yana zuba ne a cikin cikinsa, inda hannunmu ba ya kaiwa. Ba mu da ɗakin tiyata, ba mu da jinin da za mu ƙara masa, ba mu da mota. Duk da haka ta nemi jijiya ta ɗaura masa ruwa, ta jiƙa bandeji ta rufe hanjin.

Ni na yi kan Abdulmannan. Na yage wandonsa da almakashi, na ɗaure saman cinyar da bandeji, na cusa cokali a ƙullin na murɗa har ya yi ƙara ya suma. Jinin ya ragu amma bai tsaya ba, saran ya yi sama da yawa. Na cusa audugar ɗaure ciwo a cikin ramin saran, na dunƙule hannu na danna da duk nauyina, gwiwata a kan gado. Na ji jijiyar tana bugawa a ƙarƙashin yatsuna. Na san in na ɗaga, minti uku ya yi yawa.

"Likita!" Ɗahiru ne ya daka min tsawa daga ɗaya gefen ɗakin. A ƙauye duk mai farin kaya likita ne. "Wannan da kike kansa shi ya soki ƙanina! Ki sake shi ki zo nan!"

"Malam, ana duba ɗan'uwanka. Ka yi haƙuri ka fita waje."

"Ba inda za ni."

Sai Iya Mairam ta yi salati da ƙarfi. Wani dattijo da aka kwantar a ƙasa bakin ƙofa, wanda aka farfasa wa muƙamuƙi da gora, ya fara shaƙewa da jininsa, ƙafafunsa na dukan siminti.

"Mardiyya!" Shamsiyya ta kira ni.

"Ba zan iya ɗagawa ba!"

Ta dubi Ja'afaru, ta dubi dattijon. Ta ce wa Ɗahiru, "Riƙe masa hannu, yanzu zan dawo." Ta ruga ta durƙusa, ta juya dattijon a kan haƙarƙarinsa, ta sa yatsu tana kwaso gudajin jini da karyayyun haƙora daga maƙogwaronsa.

Ban san ko minti nawa aka yi ba. Wataƙila biyar, wataƙila goma. Ɗakin ya cika da nishi da kiran sunan Allah, ƙarnin jini ya haɗu da warin taɓon fadama da suka kwaso a ƙafafunsu. Wani yana ta jan gefen rigata yana cewa in duba hannunsa. Ɗahiru bai zauna riƙon hannun ba, ya tafi bakin taga yana zagin mutanen Gangare da suka taru a waje. Da ya juyo, Ja'afaru ya riga ya cika. Babu kowa a kansa.

Na ga ya girgiza shi sau biyu. Ya kira sunansa. Sannan ya miƙe a hankali, ya ajiye addar a kan gado, ya fizge ƙarfen da ake rataya ƙarin ruwa.

Shamsiyya tana durƙushe, ta ba shi baya.

"Shamsiyya!"

Ta juyo, ta ɗaga hannu. Ƙarfen ya sauka a tsintsiyar hannunta, na ji ƙarar ƙashin daga inda nake. Na biyu ya same ta a gefen fuska. Ta kife a kan dattijon ba ta ko yi ƙara ba, hularta ta yi gefe.

"Kin bar shi ya mutu kamar kare!" yake cewa. "Kin bar shi!"

Shi ke nan ɗakin ya hargitse. Wani ɗan Gangare ya yi tsalle ya shaƙo wuyan wani ɗan Tudun Bunu da ke zaune da karyayyen hannu. Aka tura teburin magani ya kife, kwalabe suka tarwatse. Waɗanda ke waje suka fara jifa, gilashin taga ya zubo a kan marasa lafiya. Wani mai sara a kafaɗa ya rarrafa ƙarƙashin gado, aka jawo shi ta ƙafa ana tattaka shi. Na ga mutumin da na fara karɓa, mai fatar goshi a rufe da ido, yana kai duka da kwanon wanke ciwo, bai ma san wa yake duka ba.

Ɗahiru ya yar da ƙarfen ya ɗauki addarsa. Ya tako gilashi da ƙafa ba takalmi, ya nufo mu.

"Matsa."

"In na ɗaga zai mutu."

"Abin da nake so ke nan. Matsa, 'yar mutane, ba ruwana da ke."

Ina so in ce jarumta ce ta hana ni matsawa, amma ba haka ba ne. Jikina ne ya sandare. Hannuna ya yi minti ashirin a cikin cinyar mutumin nan, ya ƙage, ko na so buɗe yatsuna ba za su buɗu ba. Fitsari ya zubo min. Abin da na iya kawai shi ne na sunkuyar da kai na rufe ido.

Ya kai saran ta gefena yana neman wuyan Abdulmannan. Ƙarfen kan gadon ya tare rabin addar, bakinta ya zame ya sauka a kafaɗata ta hagu. Ban ji zafi ba a lokacin, sai wani ɗumi da ya gangaro min ta hammata. Na buɗe ido na ga ya sake ɗagawa.

Iya Mairam ce ta watsa masa bokitin ruwan wanke ƙasa a fuska, mai maganin nan da ke ƙona ido. Ya saki addar ya dafe idanunsa yana ruri. Ta take addar da ƙafa, ta tsaya tsakaninmu da sandar goge-gogenta, 'yar tsohuwa da ba ta kai masa ƙirji ba.

"Ɗahiru ɗan Jannatu! Ni na wanke ka ranar da aka haife ka. Gawar ƙaninka na kwance ko ido ba a rufe masa ba, kai kana nan kana saran mata? Wuce ka rufe masa ido, mara kunya!"

Ya tsaya yana haki, hawaye da ruwan magani na zuba. Sai ya lalubi hanya ya koma gadon Ja'afaru, ya zube a ƙasa ya kifa kai a kan ƙafafun gawar. A nan 'yan sanda suka same shi. Sai da suka harba bindiga sama sau uku kafin tsakar asibitin ta watse.

Sista Aisa ta shigo a bayansu. Ba ta yi salati ba, ba ta tambayi kowa komai ba. Ta tsallake mutane ta duba numfashin Shamsiyya, ta sa 'yan sanda biyu suka ɗauke ta zuwa mota. Sannan ta zo ta ɗora hannunta a kan nawa.

"Saki, Mardiyya. Na karɓa."

"Ba ya sakuwa, Sista."

Da ɗaya-ɗaya ta ɓamɓare min yatsun.

Mutum biyu suka rasu a ɗakin nan, Ja'afaru da wanda aka tattaka. Dattijon da Shamsiyya ta buɗe wa maƙogwaro ya rayu. Abdulmannan ma ya rayu, sai dai ɗaurin ya daɗe, a Haɗeja suka yanke ƙafar daga cinya. Ni ɗinki goma sha huɗu Sista Aisa ta yi min da yammar, ina zaune a kan benci a baranda, domin babu gadon da ba jini.

Tana ɗinkin ta ce, "In kin warke kada ki dawo."

Na juyo na kalle ta.

"Tsaya mana, za ki sa in karkace. Da gaske nake. Sau biyu ana marina a asibitin nan, sau ɗaya aka bi ni da taɓarya. Duk lokacin sai in ce bari in jira a turo mutane. Ga shi saura wata goma sha huɗu in yi ritaya. Ke yarinya ce, kina da inda za ki."

"Ke kuma fa?"

"Ni na saba."

Bayan kwana biyar na je duba Shamsiyya a Haɗeja. An saka mata ƙarfe a hannu, an ɗaure mata muƙamuƙi da waya, haƙora uku sun tafi, kunnenta na hagu ya daina ji. Ba ta iya magana, sai ta rubuta a waya ta miƙo min. Abin da ta fara tambaya shi ne dattijon. Na ce yana nan da rai, har ya fara shan kunu. Ta lumshe ido. Ta sake rubutawa: "Na ce masa yanzu zan dawo."

"Ko kina kansa zai rasu, Shamsiyya. Kin sani."

Ta rubuta: "Na sani. Amma ba zan koma ba. Ko ƙarar faɗuwar cokali na ji sai jikina ya hau rawa. Ki yafe min, ni na hana ki tafiya."

Na riƙe hannunta mai lafiya muka yi ta kuka, mahaifiyarta na ba mu haƙuri. Kafin wata ya ƙare ta aika da takardar ajiye aiki. Yanzu tana koyarwa a wata makarantar 'yan mata.

Sati uku na yi a gida. Mahaifina ya ce ko sunan Tudun Bunu kada in sake ambata masa. Kawu ya sa aka gyara min kujera a kantinsa, na je na zauna kwana huɗu ina miƙa maganin ciwon kai da na tari. Babu wanda ya ɗaga min murya. Ƙarfe biyar na yi nake rufe littafi in tafi gida. Na ji daɗin hakan ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Dattawan garuruwan biyu suka zo har gida suka ba da haƙuri. Manya daga ofis su ma suka zo, suka ce za a turo nas huɗu da mai gadi.

A rana ta biyar da fara zaman kantin na kira Iya Mairam don in gaishe ta. Na tambaye ta Sista.

"Tana nan. Jiya haihuwa uku ta karɓa, ta faɗi a bakin famfo, sai da na yayyafa mata ruwa. Ta ce kada in gaya miki."

"An turo mutanen?"

"An turo mai gadi."

Na kwana biyu ina juya maganar. Sannan na samu mahaifina bayan sallar la'asar, na durƙusa na ce masa zan koma, amma ba zama zan yi ba. Zan tsaya har ranar da Sista Aisa za ta yi ritaya. In ranar ta zo ba mu kai mu biyar ba, tare da ita zan fito, ko da asibitin zai rufe. Daga baya ya ce in rubuta hakan in kai ofis, kada ya zama magana ta baki. Na rubuta, na kai, aka buga hatimi aka ba ni kwafi.

Da Sista Aisa ta gan ni da jaka ta ce, "Ba ki da hankali." Sai ta miƙo min katin mutum bakwai da ke jira.

Hannuna na hagu har yau ba ya ɗaguwa sama da kafaɗa, da dama nake rataya ƙarin ruwa. Ɗakin maza kuwa sai na tsaya a bakin ƙofa na ƙirga mutanen ciki da abin da ke hannunsu kafin in shiga. Ɗahiru yana gidan yari. An cire buhunan yashin, an raba ruwan kwana uku-uku. Cikin nas huɗun da aka yi alkawari, ɗaya ta zo, ta yi wata biyu ta nemi canji.

Da damina ta faɗi, wata mata ta kawo 'yarta mai zazzaɓi, ba ta daɗe da fita takaba ba. Ina rubuta kati na tambayi sunan uban yarinyar.

"Ja'afaru," ta ce. "Marigayi."

Alƙalamin ya tsaya a hannuna. Ta san ni, na gani a idonta. Na gwada jinin yarinyar, na yi mata allura, na faɗa wa uwar yadda za ta ba ta maganin. Ta goya ta, ta kai bakin ƙofa, sai ta dawo.

"Malama, an ce kina ɗakin. Ya yi magana kafin ya cika? Ya samu kalmar shahada?"

Na so in ce mata e. Kalma ɗaya ce, kuma babu mai ƙaryata ni.

"Ban sani ba," na ce. "Mu biyu ne, mutum goma sha ɗaya. Lokacin da ya cika babu kowa a kansa. Ki yafe mana."

Ta gyara goyon, ta goge ido da bakin mayafi.

"Da safe da yamma kika ce?"

"Da safe da yamma, kwana uku. In ta yi amai ki dawo da ita."

Ta gyaɗa kai ta fita. Na kira mai bi mata.